Gareji mai hawa biyu a kan gangare: nazarin wani aiki a gefen Kufena, Zariya

Filin da wannan nazari ya shafa yana yammacin birnin Zariya, a cikin sababbin unguwannin da suka tashi tsakanin Wusasa da gindin dutsen Kufena. Girmansa ƙafa 100 a tsaye da ƙafa 100 a kwance, kuma mai shi, wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya wanda za a riƙa ambatonsa a nan da Alhaji kawai, ya riga ya gina gidan zamansa a ɓangaren da ƙasar ta ɗan daidaita. Abin da ya rage masa shi ne wani yanki a kusurwa, wanda ya taso daga bakin titin da ke gaban gidan, ya gangara sosai zuwa gabas, yana bin wani lungu da ya sauko ta gefen katangar. Gangaren ba duka na halitta ba ne, domin tun kafin a yanka filayen wurin mutane sun daɗe suna haƙar marmara a nan, suka bar rami, zaizayar damina kuma ta ƙara zurfafa shi shekara bayan shekara.

Buƙatar Alhaji ba ta da sarƙaƙiya. Yana da motoci biyu da ke kwana a tsakar gida, rana da ƙurar hunturu suna cin fentinsu, yana da buhunan masarar da ake kawo masa daga gona kowace kaka waɗanda suka cinye masa ɗaki guda, akwai janareta, akwai kuma ƙaramar a-kori-kura da baburin ɗansa. Tun farko ya yanke cewa ba za a haɗa ginin da jikin gidan ba, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne: ba ya son warin fetur da hayaƙi kusa da ɗakunan kwana, sannan ba ya son direba ko makanike ko masu sauke kaya su riƙa ratsa cikin gida inda iyali suke. Gareji mai ƙofarsa daban zai tsayar da baƙi maza a waje, kamar yadda aka saba a tsarin gidajen Zazzau.

Matakin farko shi ne awo. An cika dogon tiyo mai haske da ruwa, aka riƙa ɗaukar ma'auni daga turke zuwa turke, daga baya kuma safiyo ya tabbatar da sakamakon da na'urarsa. Daga gefen titi zuwa ƙasan filin, a tazarar da ba ta wuce mita 14 ba, ƙasar ta sauka da mita 2.9. Wanda ya kalli wurin da ido zai rantse bai kai haka ba, saboda ciyawa da sharar da aka daɗe ana zubawa sun ɓoye zurfin, shi kansa Alhaji ya ɗauka bai fi tsayin mutum ba.

Birkilan da ya gina masa gida, dattijo ne da ya shafe shekaru yana aiki a Tudun Wada da Gyallesu, kuma shawarar da ya kawo ita ce wadda kusan kowa zai kawo: a zagaye wurin da bulo mai inci 9, a cika ramukan bulon da kankare, a kira tifa ta yi ta zuba ciko har ya zo daidai da titi, a zuba jaman fulo, a ɗora gareji hawa ɗaya a kai. Shawarar tana da daɗin ji domin babu dekin a cikinta, babu kafinta da mai ɗaurin rodi na makonni. Sai dai da aka zauna aka yi lissafi, an ga cewa gareji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 6.5, a kan rami mai matsakaicin zurfin mita 2, zai ci ciko kimanin kubik mita 90, wato nauyin da ya haura tan 160, ban da na hanyar shiga. Ciko irin wannan kuma ba ya zama daram sai an zuba shi hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, ana yayyafa ruwa ana daddanne shi da inji kafin a ƙara na gaba. Wanda aka juye daga tifa aka baje da shebur kawai zai ci gaba da lotsawa damina biyu ko uku, daɓen da ke kansa ya tsage, ƙofa ta daina rufuwa.

A nan ne wani ƙanen matar Alhaji ya haɗa shi da injiniyan gine-gine, kuma hujjar da injiniyan ya kafa ita ce ta juya akalar aikin gaba ɗaya. Ya nuna cewa ko an yi cikon, dole ne a gina bango mai ƙarfin riƙe ƙasa, domin ƙasar da aka tara tana buƙatar abin da zai tare ta daga zubewa, kuma wannan bangon zai kasance a ɓangaren ƙasa, yana fuskantar lungu da gidan maƙwabci. Idan kuwa aka bar ramin yadda yake, aka ƙara daidaita shi, aka gina bangon a ɓangaren sama yana tare ƙasar titi, to da kusan wannan kuɗin na bango za a sami ɗaki babba a ƙasa maimakon tulin ƙasar da aka saya da kuɗi aka binne. Motocin Alhaji za su shiga hawan sama kai tsaye daga titi, a-kori-kura da buhuna su shiga hawan ƙasa ta ƙofar lungu, ba tare da an gina wata gadar hawa ba. A ganina wannan shi ne daidai, kuma duk wanda ke da fili mai saukar da ta kai mita 2.5 ya kamata ya yi wannan lissafin kafin ya kira tifa ta farko.

Kafin a zana komai, injiniyan ya sa aka haƙa ramukan gwaji guda uku. Abin da aka gani ya yi daidai da yanayin ƙasar Zariya, wadda ke zaune a kan tsohon dutse irin wanda ya ɓullo sarari a Kufena: baƙar ƙasa gauraye da shara a sama, jar ƙasa a ƙarƙashinta, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai farfashewa idan an sa diga. Bambancin da ya ja hankali shi ne cewa a rami ɗaya, na kusurwar arewa, an ci karo da dutse tsantsa tun ba a yi nisa ba, alhali a ramin kudu an yi ta haƙa ba a same shi ba. Ginin da rabinsa ke kan dutse rabinsa ke kan ƙasa mai taushi yana cikin haɗari na musamman, domin ɓangare ɗaya zai ɗan zauna, ɗayan kuwa ba zai motsa ba, tsaga kuma ta fito daidai inda suka haɗu.

An haƙa ramukan ne da rani, duka ukun kuma a bushe suke ƙayau, abin da ya sa birkila ya ce babu maganar ruwa a wurin. Injiniyan bai gamsu ba, saboda ya ga tabo-tabo masu launin toka a jikin ƙasar da ke dab da dutsen, alamar cewa ruwa yana daɗewa a nan. Sai ya yi abin da ba kasafai masu zane ke yi ba, ya zaga ya tambayi waɗanda suka riga kowa zama a unguwar. Suka shaida masa cewa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba ruwa yana tsattsafowa daga gindin ramin ko da an kwana biyu ba a yi sama ba, rijiyar wani gida ma takan cika har a ɗiba da hannu. Dalilin a fili yake. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma dutse ba ya shan ruwa; abin da ya zuba a kan tudu yana nutsewa cikin siririyar ƙasar da ke sama, ya tarar da dutse, ya bi fuskarsa yana gangarowa a ɓoye. Duk bangon da aka gitta a wannan hanya ya zama madatsar ruwa, ko mai shi ya sani ko bai sani ba.

Muhawara mafi zafi ta kasance a kan irin bangon. Birkila ya tsaya a kan cewa ya sha riƙe ciko da bulo mai inci 9 cike da kankare, kuma babu ko ɗaya da ya faɗi, maganarsa kuma gaskiya ce. Abin da bai lura da shi ba shi ne cewa duk cikon da ya ambata bai wuce mita ɗaya ba. Turin da ƙasa ke yi wa bango ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar tsayi. Idan tsayi ya ninka sau biyu, turin yana ninkawa sau huɗu. Saboda haka bango mai riƙe ƙasar mita 2.7 yana ɗauke da turin da ya fi na mita ɗaya sau bakwai da ɗoriya. Injiniyan ya ƙiyasta cewa busasshiyar ƙasa za ta riƙa tura kowace mita ɗaya ta tsawon bangon da ƙarfin da ya haura tan 3, idan kuwa ruwa ya taru a bayansa har sama, adadin zai wuce tan 5, ban da nauyin motar da za ta tsaya a bakin ƙofa. Bulo yana jure nauyin da ya danno shi daga sama, amma ba shi da juriyar turi daga gefe, domin simintin da ke tsakanin layi da layi ne kaɗai ke riƙe shi, shi kuwa ba ya jure ja. Da yawa daga cikin katangun da ake wayar gari a gani a kwance a watan Agusta ta wannan hanya suke faɗuwa, ba wai don iskar daren ta fi ta kullum ƙarfi ba.

Aka tsaya a kan bangon kankare mai rodi, kaurinsa santimita 25, da rodi mai milimita 12 a jere biyu, ciki da waje, an kafe shi a cikin faffaɗan tushe. Alhaji ya yi hikima wajen raba aikin yadda babu wanda ya ji an ƙasƙanta shi: injiniya ke da iko a kan duk abin da ya shafi kankare da rodi, birkila kuma ke da aikin bulo da filasta da kula da leburori. Ba don haka ba da wuya dattijon ya zauna, alhali shi ne ya san inda ake samun yashi mai kyau da leburorin da ba sa gudu da rana.

Maganar takardu ba ta ɗauki dogon lokaci ba, domin filin yana da rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna. An miƙa zanen gini da na ƙarfe, mai ɗauke da hatimin injiniyan da ke da rajistar COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ga KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, don neman izini, duk da cewa wasu abokan Alhaji sun ce gareji bai cancanci wannan wahala ba. Ginin da mota za ta hau samansa mutane suna ƙarƙashi bene ne, ko da wane suna aka kira shi. Zanen ya kuma janye ginin daga bakin titi, wanda ya bar wurin da mota za ta tsaya a buɗe ƙofa ba tare da ta tare hanya ba.

An fara haƙa a watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, da niyyar a rufe duk aikin ƙasa kafin ruwan farko na Afrilu ko Mayu. Ba a yanke gefen ramin a miƙe ba, an kwantar da shi, aka kuma hana tara ƙasar da aka fitar a bakinsa, domin nauyinta kan sa gefen ya rufta kan masu aiki. Da aka iso dutsen kusurwar arewa, wasu suka kawo shawarar a ƙona tsofaffin tayoyi a kansa a watsa ruwa ya fashe, amma aka ƙi, saboda kusancin katangar gida da hayaƙin da zai addabi unguwa. Masu fasa dutse ne suka sassaƙe shi da guduma da kurfi har ya yi shimfiɗa. A ɓangaren kudu kuwa an ci gaba da nitsawa har aka tarar da ruɓaɓɓen dutse mai tauri, sannan aka haɗa tushen biyu da matakala-matakala, kowane mataki a kwance daidai. Ba a zuba tushe a karkace yana bin gangare, domin ginin zai nemi zamewa.

Ranar zuba bangon an yi hayar injin kwaɓa kankare da na girgiza shi, aka auna siminti da yashi da tsakuwa da ma'auni ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma injiniyan ya tsaya da kansa a kan ruwan kwaɓi. Leburori suna son kankare mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, amma ruwan da ya wuce kima yana ƙafewa ya bar ƙananan kafofi, ƙarfin ya ragu, danshi kuma ya sami hanya. An sa ƙananan guntayen kankare tsakanin rodi da katako domin kankare mai kaurin santimita 5 ya rufe rodin a ɓangaren da zai taɓa ƙasa, kada tsatsa ta kama ƙarfen. An kuma ɗebi samfuri a cikin 'yan akwatuna masu santimita 15, aka kai ɗakin gwaji aka matse su don auna ƙarfinsu bayan kwana 7 da kuma kwana 28, abin da ba shi da wahalar samu a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda yanzu babu mai ganinsa. Bayan an cire katako, an shafe bayan bangon da narkakkiyar kwalta sau biyu, aka lulluɓe shi da leda mai kauri don kada tsakuwa ta karce shafen. A gindinsa, ƙasa da matakin daɓen ɗakin, aka shimfiɗa bututun roba mai inci 4 wanda aka huhhuda, aka ba shi ɗan gangare, aka zagayo da shi ta gefen ginin har ya fito fili a ɓangaren ƙasa. Aka rufe bututun da tsakuwa wankakkiya, aka ci gaba da jera tsakuwar a jikin bangon, faɗin kusan rabin mita, aka raba ta da jar ƙasa da wani yadi mai tace ruwa domin kada laka ta toshe ta. Manufar ita ce ruwan da ya gangaro ya tarar da hanya mai sauƙi ya bi ya fita, maimakon ya tsaya yana turi. A nan gangaren ya zama alheri, domin ɗakin ƙarƙashin ƙasa a shimfiɗaɗɗen fili sai da famfon tsotsa da wutar lantarki, wannan kuwa ruwan da kansa yake sauka. A saman tsakuwar an toshe da yumɓu mai kauri, don kada ruwan titi ya riƙa kwarara ciki kai tsaye.

Sai dai ba a mayar da ƙasar nan take ba, kuma wannan ya jawo saɓani tsakanin Alhaji da injiniya. Ramin da ke tsakanin bango da titi ya daɗe a buɗe, jikoki suna wasa a kusa, maƙwabta suna ƙorafin akuyoyinsu, Alhaji kuma ya ga bango a tsaye ƙiƙam bai ga dalilin jira ba. Injiniyan ya bayyana masa cewa an lissafa bangon ne a matsayin wanda tushe ke riƙe da shi a ƙasa, dekin kuma ke tokare shi a sama, don haka kafin a zuba dekin rabin ƙarfinsa kawai yake da shi. Da za a tsara shi ya tsaya shi kaɗai, da sai an ƙara kauri da rodi da faɗin tushe, kuɗin kuma daga aljihun Alhaji zai fito. Aka kewaye ramin da tsofaffin kwanuka aka jira.

Dekin ɗin kaurinsa santimita 17.5, yana zaune a kan bango uku da wani babban bim da ya ratsa tsakiya, bim ɗin kuma yana kan fila guda a tsakiyar ɗakin ƙasa. Alhaji bai so filar ba domin tana rage sakewa, amma cire ta zai sa bim ya yi zurfin da zai rage tsayin ɗakin. An lissafa shi a kan nauyin ƙananan motoci, wato kimanin kilo 250 a kowace murabba'in mita, tare da la'akari da cewa nauyin mota ba a baje yake ba, a kan tayoyi huɗu yake taruwa. An zuba shi a yini ɗaya ba tare da yankewa ba, aka ba fuskarsa ɗan gangare zuwa ƙofa domin ruwan wankin mota ya fita waje. Zubin ya faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke zuƙe ruwan saman kankare cikin sa'o'i kaɗan ta bar shi da tsaga kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, saboda haka aka rufe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu, aka ɗauki yaro guda aikinsa kawai ban ruwa safe da rana da yamma fiye da mako guda, 'yan garuwa suka sami ciniki. Ba a cire gorar da ke tokare da shi ba sai bayan kwana 21, ba a kuma bar mota ta hau ba sai da ya cika kwana 28.

Akwai wasu ƙananan dabaru a hawan sama da suka cancanci ambato. Bangon ƙarshen garejin yana kan tsayin kusan mita 3 daga ƙasa, kuma direban da ya taka totur a maimakon birki zai iya fasa bulo ya faɗa da mota, don haka aka zuba gindin bangon da kankare mai rodi har zuwa tsayin gaban mota, aka kuma sa tudun tsayar da taya kafin a kai gare shi. An rage tsayin ƙofar da gangan zuwa mita 2.2 don kada babbar mota ta hau dekin, bayan da Alhaji ya ambata cewa da kaka zai so motar masara ta shiga ta sauke. Injiniyan ya san gargaɗin baki ba zai wuce shekara ba, amma linta ba ta mantuwa. Daɓen hanyar shiga kuma, wanda ke kan sabon ciko, an ɗora bakinsa a kan wani ɗan kafaɗa da aka fitar daga jikin bangon, yadda ko ƙasar ta lotsa ba za a sami tudu a bakin ƙofa ba. A gabansa aka gitta kwata mai murfin ƙarfe don tare ruwan titi.

A hawan ƙasa an buɗe tagogi a gefe biyu domin iska ta ratsa, tun da bangon ɓangaren titi a binne yake. An soke shirin ajiye janareta a ciki, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi kuma tana kisa a rufaffen wuri, aka yi masa rumfa a waje. Buhunan masara an ɗora su a kan katako, nesa da bango.

Game da kuɗi, ɓangaren da ya fi cin aljihu shi ne wanda ke ƙasa da matakin titi, wato haƙa, tushe, bango, magudana da dekin. Bulo da kwano da ƙofofin sama, waɗanda su ne mai wucewa ke gani ya yaba, ba su kai rabin wancan ba. Tsadar siminti da rodi ta sa Alhaji ya nemi ragi a wuri ɗaya: bangon gefen arewa, inda ƙasar ke sauka a hankali daga mita 2.7 zuwa babu, aka yi kankare a rabin da ke kusa da titi, sauran kuma aka yi da bulo cikakke, ba tare da kwalta da tsakuwa ba.

Daminar farko ta gwada aikin. Babban bangon bai nuna ko ɗigon danshi ba, kuma a watan Agusta bututun ya yi makonni yana zubar da ruwa garai-garai dare da rana, wanda ya gaskata maganar mutanen unguwa. Matsalar ta ɓullo ne daga inda zane bai kai ba. Ruwan bututun, da na kwatar bakin ƙofa, da na rufin, duk sun haɗu a wuri ɗaya suna faɗawa lungu. Rufin da ya kai murabba'in mita 55 yana tara lita kusan 55,000 a shekara, kuma ruwan da a da yake bazuwa cikin ciyawa da rami yana nutsewa a hankali, yanzu ya zama igiya ɗaya mai gudu. Cikin 'yan makonni ya yanka kwari a lungun, ya fara cin gindin katangar ƙasa ta maƙwabcin da ke gangare, wani dattijo mai sana'ar ɗinki.

Maƙwabcin bai kai ƙara ko'ina ba. Ya aiko ɗansa sau biyu, a karo na uku ya yi wa mai unguwa magana bayan sallar Magariba. Da farko Alhaji ya ɗauki matsayin cewa ruwa daga tudu yake gangarowa tun kafin a haife su duka, kuma ba shi ya halicci gangaren ba. Mai unguwa da limamin masallacinsu suka nuna masa bambanci tsakanin ruwan da ya bi hanyarsa ta asali da wanda mutum ya tattara da hannunsa ya nufi katangar wani da shi, suka tuna masa haƙƙin maƙwabtaka. Ina ganin hukuncinsu ya yi daidai, kuma giɓin na tsarin aikin ne, domin an bi ruwan da lissafi har bakin iyakar fili, daga nan aka sake shi kamar ya daina zama ruwa. Alhaji ya karɓa, ya ɗauki nauyin gina kwata ta kankare mai matakala don rage gudun ruwan, daga ƙofarsa har kwalbatin da ke ƙarshen lungu, gidaje biyu da ke amfana suka taimaka da leburori, ya kuma gyara gindin katangar da ta zaizaye. An sa wa rufin indararo mai bututu zuwa tankuna biyu, waɗanda yanzu da ruwansu ake wanke motoci.

Matsala ta biyu ta fito daidai inda aka yi ragi. Kafin ƙarshen Satumba fentin bangon bulo na arewa ya kumbura, farin gishiri ya feso a jikin filasta, buhunan da ke kusa suka fara warin danshi. Bangon bai tsage ba, domin ƙasar da yake riƙewa ba ta da tsayi, amma bulo yana tsotsar ruwa. Mai fenti ya ba da shawarar a sake filasta daga ciki da sinadarin hana ruwa, injiniyan ya ce hakan zai ɓoye alamar ne na ɗan lokaci, ruwan kuma ya hau sama ya fito a wani wuri. Da rani ya shigo aka sake tone bayan bangon, aka shafa kwalta, aka jera tsakuwa, aka haɗa shi da bututun farko, kuma kuɗin tonon da gyaran ya zarce abin da aka tsimi a farko.

Abin da ya rage yanzu abu biyu ne. Na farko kula ce ta kowace shekara: kafin ruwan farko ana buɗe bakin bututun a zura tiyo a wanke shi, an kuma sa masa ragar ƙarfe bayan da aka tarar ɓeraye sun yi sheƙa a ciki, kwatar bakin ƙofa kuwa sai an kwashe mata yashi da leda bayan kowane babban ruwa. Na biyu ba ya hannun Alhaji. Titin gaban gidan har yanzu na burji ne, kuma idan aka zo shimfiɗa masa kwalta akwai yiwuwar a ɗaga shi sama da yadda yake, kamar yadda aka saba gani a unguwanni da dama inda gidaje suka koma ƙasa da hanya. An ɗaga daɓen hawan sama da santimita 30 bisa matakin titin na yanzu saboda wannan, idan kuma ɗagin ya wuce haka, dole ne a fasa hanyar shigar a sake zuba ta, a kuma faɗaɗa kwatar da ke gabanta.